Tambaya da Amsa: Dandalin Merdeka, Filin da Turawa Suka Fitar Daga Fadama

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan wuri guda: Dandalin Merdeka da ke tsakiyar Kwala Lamfur, babban birnin Malesiya, da gine-ginen zamanin mulkin mallaka da suka kewaye shi. Mun zaɓi guda takwas, mun taƙaita wasu saboda fili. Abu ɗaya da zai taimaka wa mai karatu tun daga farko shi ne ma'anar sunan garin. A harshen Malay, Kwala Lamfur na nufin mahaɗar ruwa mai taɓo, domin a nan Kogin Gombak ya haɗu da Kogin Klang. Kusan duk amsar da ke ƙasa sai ta koma kan wannan ruwa.

Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Malesiya, ya turo hotonsa a gaban wani dogon gini ja da fari mai ƙubbobi da hasumiya. Na ce masallaci ne, mahaifiyarsa ta ce fadar sarki ce tunda sunansa Ginin Sultan Abdul Samad. Ku raba mana gardama. (Wani uba, Gusau)

Wa alaikumus salam, Alhaji. Daga kai har Hajiya babu wanda ya ci. Ofis ne, sakatariyar gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya, kuma da aka buɗe shi Ofisoshin Gwamnati kawai ake ce masa. Sultan Abdul Samad ya yi sarautar jihar Selangor daga 1857 zuwa 1898, amma a Jugra yake zaune, can wajen gaɓar teku. Sai a 1974 aka sa wa ginin sunansa, shekarar da aka cire Kwala Lamfur daga jihar Selangor aka mai da ita yankin tarayya. Daga baya manyan kotunan ƙasar suka zauna a ciki, har Kotun Tarayya ta koma sabon birnin Putrajaya, Babbar Kotu kuma ta tashi a 2007.

Kamar masallacin da ya yi maka tana da asali. Mai zanen gine-gine na gwamnati, A.C. Norman, ya fara zana shi ne da salon Turai zalla, irin mai manyan ginshiƙai. Injiniyan Jiha, C.E. Spooner, wanda ya yi aiki a Silon, wato Siri Lanka ta yau, bai gamsu ba. Ya sa wani matashin mataimaki, R.A.J. Bidwell, ya sake fuskar ginin da salon da Turawan mulkin mallaka a Indiya ke yayi a lokacin, wanda ke kwaikwayon gine-ginen sarakunan Mughal. A.B. Hubback ya zo a 1895 ya sa hannu a ƙarshen aikin. Amma in ɗanka ya duba dutsen harsashin da Gwamna Sir Charles Mitchell ya aza ranar 6 ga Oktoba 1894, sunan Norman zai gani a matsayin mai zane. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Wannan salo ba na mutanen Malay ba ne. Gininsu na gargajiya na katako ne a kan dirkoki, da rufi mai gangara sosai saboda ruwan sama, tsofaffin masallatansu ma rufi ne hawa-hawa, babu ƙubba. Ƙubba mai siffar albasa daga Indiya aka ɗauko ta, baka mai siffar kofaton doki kuma ya fi kama da na Andalus da Maroko. Bature ne ya haɗa su ya ce ga abin da ya dace da ƙasar Musulmi. A ganinmu siyasa ce a cikin bulo: mai mulki baƙo ne, amma yana so ofishinsa ya sa rawani. Abin mamaki, dabarar ta zauna daram, har ƙubbar albasa ta zama ruwan dare a masallatan ƙasar.

Masallacin gaske yana bayan ginin, a daidai bakin mahaɗar kogunan. Shi ne Masjid Jamek, an buɗe shi a 1909, kuma shi ma Hubback ne ya zana shi.

Me ya sa duk inda Turawan Ingila suka zauna sai sun bar ƙaton fili a tsakiya, kamar filin sukuwa na Kano? Shi wannan na Malesiya yaya aka yi ya samu? (Malamin makaranta, Katsina)

Malam, filin na fareti ne da farko, wasa ya biyo baya. Garin kansa kuza ce ta kafa shi, kamar Jos. Wajen 1857 mahaƙa 'yan ƙasar Sin suka hauro kogi suka fara haƙa a Ampang, kasuwa ta tsiro a gabashin kogi. A 1880 Turawa suka dawo da hedikwatar Selangor daga Klang zuwa nan, suka zaɓi yammacin kogi, suka hau tudun da yanzu ake kira Bukit Aman. Tsakanin tudun da kogi akwai fadama da lambunan kayan miya na Yap Ah Loy, shugaban 'yan Sin na garin. A 1882 Razdan Frank Swettenham ya karɓi wurin a kan dala 50 kowace eka. 'Yan sanda suka riƙa fareti a kai duk da kwari da tudun da ke cikinsa. A 1892 muƙaddashin Razdan, Ernest Birch, wanda ke mutuwar son wasan kurket, ya sa aka cike aka baje shi. Tun daga nan ake kiransa Padang, wato fili.

In kana so ka karanta tsarin mulkin, tsaya a tsakiyar ciyawa ka juya. Gabas, sakatariya. Yamma, Kulob ɗin Selangor da aka kafa a 1884, mai farin bango da baƙaƙen katakai a giciye irin na ƙauyukan Ingila, inda manyan ma'aikata da masu gonakin roba ke haɗuwa da yamma, kuma a nan ake gama maganar da aka fara a ofis. Laƙabinsa Kare Mai Dabbare-dabbare. Arewa, cocin St Mary, da aka aza harsashinsa a 1894 aka keɓe shi a 1895. Bayan kulob, a kan tudu, 'yan sanda. Kudu, maɗaba'ar gwamnati ta 1899 da banki. Ofis, kulob, coci, bindiga, takarda, kuɗi, kowanne yana kallon ɗan'uwansa, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. Kasuwar 'yan Sin da unguwar Malay kuwa suna ƙetaren ruwa. Filin da kogin su ne tazarar.

Kamar da ka gani da na gida ba haɗari ba ce. Yarjejeniyar Pangkor ta 1874 ta ɗora wa Sarkin jihar Perak Razdan, wanda dole a nemi shawararsa a kuma bi ta a komai ban da addini da al'ada. Wannan ya riga zuwan Lugga Kano da Sakkwato a 1903 da kusan shekara talatin. Ma'aikatan ma yawo suke tsakanin ƙasashen. Hugh Clifford ya yi Razdan a jihar Pahang ta Malaya, ya yi Gwamnan Gwalkwas, wato Gana ta yau, daga 1912 zuwa 1919, ya yi Gwamnan Nijeriya daga 1919 zuwa 1925, sannan ya koma yankin Malaya a matsayin Gwamna a 1927. Bambancin da ƙofar fada ta garuruwanmu shi ne, ita ƙofar fada a cikin gari take, masallaci da alƙali da talaka duk nan suke tararwa. Padang a wajen garin mutane aka yi shi.

Ni magini ne, shekara ashirin ina ɗora bulo. Da me aka gina wannan sakatariya har ta haura shekara 120 a tsaye a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa? Ku ba ni lissafi, ba labari ba. (Magini, Kano)

Madalla, Maigida, ga lissafi. An fara aiki a Satumba 1894, aka buɗe a Afrilu 1897, a kan dala 152,000 ta kuɗin yankin. Hawa biyu ne. Tsawon fuskarsa a kan titin Jalan Raja mita 137, hasumiyar agogo mita 41, da ƙararrawa mai nauyin tan ɗaya. Kayan da suka shiga: jan bulo miliyan 4, siminti ganga 2,500, farar ƙasa pikul 18,000, jan ƙarfe laba 5,000, ƙarfe tan 50, katako kimanin ƙafa 30,000 a ma'aunin tsawo da faɗi da kauri.

Mu mayar da su ma'aunin da ka saba. Pikul ɗaya ya ɗan haura kilo 60, saboda haka farar ƙasar ta kusa tan 1,090, kamar buhu 21,800 mai kilo 50. Gangar siminti ta wancan zamani kilo 170 ce zuwa 180, wato duka-duka tan 425 zuwa 450, buhu 9,000 ko ƙasa da haka. Ka ga farar ƙasa ta ninka siminti fiye da sau biyu. Amsar tambayarka tana nan.

Farar ƙasar da muke nufi ita ce ta ƙonannen dutse. Ana gasa dutsen a wuta mai zafin digiri 900 ko sama kaɗan, ya rasa kusan kashi 44 cikin ɗari na nauyinsa. Sai a zuba shi cikin ruwa a rami (dutsen ake kai wa ruwa, ba a kwarara ruwa kaɗan a kan tulin dutse, domin yana tafasa yana fantsama, yana makantar da ido). A tace, a bar shi ya kwanta a ƙarƙashin ruwa wata uku ko fiye, har ya yi laushi kamar kindirmo mai kauri. Ana kwaɓa awo ɗaya da yashi mai kaifi awo biyu da rabi zuwa uku. Ba ya kamawa cikin kwana ɗaya irin siminti. Iska yake sha a hankali yana komawa dutse, daga waje zuwa ciki, makonni da watanni. In rana ta busar da shi da wuri sai ya zama gari, in ruwan sama ya doke shi ɗanye sai ya wanke. Shi ya sa ake lulluɓe sabon aiki da jiƙaƙƙen buhun algarara.

Amfaninsa biyu ne. Ya fi bulon laushi, don haka in ƙasa ta ɗan motsa, kuma ƙasar bakin kogi dole ta motsa, kwaɓin ne zai ba da kai, bulo bai fashe ba. Na biyu, yana numfashi. Ruwan da bango ya sha yana fita ta layin kwaɓi ya bushe.

Bulon kuwa gobara ce ta kawo shi. A 1881 wuta ta cinye garin, wanda duk katako ne da rufin ganye, a ƙarshen shekarar kuma ambaliya ta kwashe abin da aka sake ginawa. Swettenham ya ba da umarni a riƙa gini da bulo da rufin tayil. Wurin da aka kafa matoyar bulo har yau sunan unguwar Brickfields, kuma Spooner ya kafa wa ma'aikatar ayyuka masana'antarta a can domin ya samu bulo mai inganci ɗaya. A lokacin ana harba igwa kullum da tsakar rana da ƙarfe 5 na yamma don sanar da lokaci, wasu suka yi ta cewa girgizarta za ta kayar da hasumiyar. Igwar ta daɗe da yin shiru, hasumiyar tana nan.

Ina karatun zanen gine-gine. Yaya ma'aikata suka iya zama a ciki ba na'urar sanyaya ɗaki? Sannan bakunan nan ado ne ko suna ɗauke da nauyi? (Ɗaliba, Zariya)

'Yar'uwa, fara da baranda. Faɗinta mita 3.5, sama da ƙasa, ta zagaye ofisoshin. Fuskar ginin yamma take kallo, wadda ita ce mafi muni a ƙasa mai zafi, kuma barandar ce ta cece shi. Gwada da fensir: a ɗauka tsayin bakin baranda ya yi daidai da zurfinta. Muddin rana ta haura digiri 45 a sama, haskenta ba zai taɓa gindin bangon ciki ba. Garin yana digiri 3 ne kacal arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke sauka kusan digiri 15 a kowace sa'a. Ke nan sai bayan sa'a uku da tsayuwar rana a tsaka haske zai fara lasar bangon ofis, lokacin an kusa tashi. Barandar kuma tana ba da damar barin tagogi a buɗe ana tsuga ruwa, kuma ita ce hanyar da masinja ke bi daga ofis zuwa ofis, ba a ɓata tsakiyar gini da lungu mai duhu ba.

Sai shimfiɗar ginin. In kin kalle shi daga sama siffar harafin F gare shi, doguwar fuska da fukafukai biyu a baya. Kowane reshe siriri ne, iska na shiga ta gefe ta fita ta ɗayan. Rufin ɗakuna yana da tsawo, zafi ya taru sama da kan mutane. Matakalar bene ma an fitar da ita cikin hasumiyoyi biyu masu zagaye a dama da hagu.

Bakunan suna aiki. Ki lura ba iri ɗaya ba ne: akwai mai tsini, akwai mai kofaton doki, akwai mai lanƙwasa biyu kamar kan albasa, akwai mai ganye-ganye. An zagaye su da farin shafe a kan jan bulo, abin da Turawa suka yi wa laƙabi da jini da bandeji. Tunda a Zariya kike, je ki kwatanta da bakan gizo na Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Bakan gizo azara ce ake jerawa tana miƙowa daga bango kaɗan-kaɗan, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, ƙarfinsa yana cikin azarar. Bakan bulo ba shi da ƙashi a ciki. Kafinta zai haɗa ƙirar katako, magini ya ɗora bulo daga gefe biyu a lokaci guda har su haɗu a bulon tsakiya, a bari kwaɓi ya kama, sannan a sassauta katakon sannu a hankali. Kowane bulo yana danne na ƙasa da shi, nauyin kuma yana tura ginshiƙai waje. A jerin bakuna, turin wannan yana kashe na maƙwabcinsa, sai na ƙarshe ne ke bukatar bango mai kauri ya tare shi. In ginshiƙi ɗaya ya nutse ko da 'yan santimita ne, za ki ga tsaga a ƙwanƙolin baka ta ciki, da wasu biyu a kafaɗunsa ta waje. Duk wanda ya cike tsagar bai duba harsashi ba, zai dawo baɗi.

A nan ne aka ayyana 'yancin kan Malesiya? (Mai karatu, Damagaram)

Rabi da rabi, Malam. Da tsakar daren da ya shiga 31 ga Agusta 1957, a wannan fili aka sauke tutar Birtaniya aka ɗaga ta Malaya. Amma sanarwar da Tunku Abdul Rahman, Firayim Minista na farko, ya karanta, inda ya ɗaga hannu ya yi kiran Merdeka sau bakwai, da safe aka yi ta a Filin Wasa na Merdeka, wani wuri dabam. Merdeka na nufin 'yanci. Ƙasar da ta samu 'yanci a ranar Malaya ce, Malesiya sai 16 ga Satumba 1963. Hukumar birni ta karɓi filin daga hannun kulob a 1987, aka buɗe shi da sabon suna ranar 1 ga Janairu 1990, da sandar tuta mai tsawon mita 95 a kudancinsa. Irin wannan dare Nijeriya ta yi a filin sukuwa na Legas shekara uku bayan haka, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa.

Na ji an ce ruwa ya sha cin wurin. Me ke lalata irin waɗannan gine-gine, kuma yaya ake gyara su ba a ɓata su ba? (Injiniyan gini, Kaduna)

Injiniya, fadama ba ta manta asalinta. Garin yana samun ruwan sama fiye da milimita 2,400 a shekara, wajen ninki uku na Kano, dandalin kuma yana kwari a bakin mahaɗa. A ambaliyar Disamba 1926 ruwa ya cika ma'ajiyar bankin Chartered da ke kudancin filin, aka kwaso takardun kuɗi aka shanya su a kan ciyawa da masu gadi a kai. Bayan haka aka miƙe wani sashe na Kogin Klang. Kulob ɗin ya ci wuta a Disamba 1970, makonni kaɗan bayan nan ambaliyar Janairu 1971 ta bi ta kansa. Da aka sabunta filin aka haƙa wurin ajiye motoci da shaguna a ƙarƙashinsa, a 2003 ruwa ya cika su, har da wani gidan wasan kwaikwayo da ke ciki. Rami a cikin fadama, sai dai a ce Allah ya kyauta. A 2007 aka buɗe ramin SMART mai tsawon kilomita 9.7, wanda ke karkatar da ruwan Klang tun kafin ya iso tsakiyar gari, wani sashensa kuma ya zama hanyar mota in babu ambaliya. Ya rage matsalar sosai, sai dai Gombak, wanda ke bin bayan sakatariyar, ba ta cikinsa yake bi ba.

Amma ambaliya baƙuwa ce, ta zo ta tafi. Wanda ke cin bango kullum shi ne danshin da ke hawowa daga ƙasa. Bulo yana tsotsar ruwa kamar lagwani, yawanci zuwa mita ɗaya ko ɗaya da rabi. Ruwan na ɗauke da gishiri. Inda ya bushe gishirin ya zama ƙwaya, ya kumbura cikin ramukan bulo, ya bare fuskarsa. Alamarsa farin gari kamar kanwa a gindin bango, shafe yana ƙwanƙwasuwa kamar ganga, fenti yana kumbura.

Babban kuskure a irin waɗannan gine-gine, ko'ina suke a duniya, shi ne a yaɓe wurin da siminti ko a shafa fenti mai toshe iska. Wata shida bango zai yi kyau. Ruwan da aka hana fita sai ya ƙara hawa sama, ya fita ta cikin bulon maimakon layin kwaɓi, bulo ya rududduge, simintin ya tsaya kamar saƙar zuma babu komai a ciki.

Gyara na gaskiya daga sama yake farawa. A share indararo da bututun ruwa, a tumɓuke 'ya'yan itatuwa dangin cediya da tsuntsaye ke shukawa a kan rufi, domin saiwarsu na raba bulo. A duba ko kwalta da daɓen da aka yi ta ƙarawa shekara da shekaru sun ɗaga ƙasa sama da asalin gindin bango, in haka ne a rage, a ba ruwa gangara ya bar gini. Sannan a cire simintin da hannu, da kurfi da guduma, ba da injin yanka ba, wanda ke cin gefen bulo. A ƙwaƙule layi zurfin ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗinsa. A ciro gishiri da jiƙaƙƙen liƙi na yumɓu ko dusar takarda, a bar shi ya bushe a ɓamɓare, a maimaita ana auna gishirin har ya sauka. In dole sai an yi shingen danshi, ana huda layin kwaɓi ramuka masu faɗin milimita 12, tazarar milimita 120, kimanin milimita 150 sama da ƙasa, a ɗura maganin. Wannan ba ya fitar da gishirin da ya riga ya shiga, don haka ba ya maye gurbin matakin baya. Daga ƙarshe a jiƙa layin, a cusa kwaɓin farar ƙasa hawa-hawa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu aƙalla mako guda. Katakon rufi kuma a bi shi da tsinken ƙarfe ana sokawa, musamman inda ya shiga bango, nan gara ke fara aiki.

Ƙubbobin nan zinariya ce aka shafa? (Maƙeri, Bida)

A'a, Maigida, jan ƙarfe ne aka lulluɓa. Laba 5,000 ɗin da ke cikin lissafin ginin ta kai kilo 2,270. In faranti mai kaurin milimita 0.6 ne, wanda murabba'in mita ɗaya nasa ke da nauyin kilo 5.4, zai rufe murabba'in mita 420 ko kusa. Kai ka fi mu sanin halinsa: sabo ja ne, ya koma ruwan ƙasa, in an bar shi shekaru ya yi kore, kuma wannan koren kariya ce, ba cuta ba. Yana miƙewa da zafi, kusan milimita 0.7 a kowace mita in zafi ya canza da digiri 40, shi ya sa ake haɗa farantan da naɗin baki da 'yan maƙalai maimakon a kafe su tam. Kada ƙusar baƙin ƙarfe ta taɓa shi. In ruwa ya haɗa su ƙusar ce za ta cinye, faranti ya saki. Ruwan da ya gangaro daga kansa kuma yana rina farin shafe kore in ba a ba shi hanyarsa dabam ba.

Zan je taro Kwala Lamfur, ina da rabin yini. Ta ina zan fara? (Wata 'yar kasuwa, Maraɗi)

Hajiya, hau jirgin ƙasa na cikin gari ki sauka a tashar Masjid Jamek. Fara da masallacin, ki tsaya inda kogunan biyu suka haɗu, domin daga nan za ki ga bayan sakatariyar da yadda ruwa ya matse ta. Ƙetara gada ki bi ta tsohuwar Babbar Kotu ta 1915 da tsohon zauren birni na 1904, ki fito Jalan Raja. Bi gaban sakatariyar zuwa kudu: ginin da ke manne da ita tsohon gidan waya ne na 1907, na gaba kuma, mai ratsin ja da fari, ofishin jirgin ƙasa ne na 1905, yanzu gidan adana kayan saƙa da tufafi, wanda ke kanki za ki fi daɗewa a cikinsa. Duk huɗun aikin Hubback ne. Kulob na membobi ne, daga waje za ki kalle shi.

Ruwa ya fi sauka da la'asar, ki riƙe lema. In hoto kike so, hasken yamma ne ke faɗa wa fuskar sakatariyar, sai ki tsaya ta gefen kulob bayan ruwa ya ɗauke. Ranar Juma'a kuwa ki kai masallacin tun kafin azahar, domin sahu yakan fito har waje.